Baƙin da Na Kankare

Ni ne na yi laifi, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ƙera tukwanen alminiyom nake yi a Zongo. Hannuna ya saba, ƙarfe in ya yi baƙi sai a goge. 'Yata ta fari tana karatun kimiyya a jami'a. Aikinta raba ruwa ta hanyar lantarki, a fitar da iskar haidurojin mai kamawa kamar gas. Da ta yi min bayani, cewa na yi ni dai kashe wuta na san ruwa yana yi.

Bara aka rufe ɗakin gwajinsu don gyara, ta kawo wasu 'yan fallayen ƙarfe gida cikin roba mai murfi, baƙi ƙirin. Ranar da ta je unguwar Akpakpa gaida gwaggonta na buɗe. Na ce kai, yarinyar nan da ƙazanta! Na ɗauko lemun tsami da burushin waya, na zauna ƙofar gida ina kankarewa, wai ina jiran godiya.

Tana dawowa ta saki ihu.

"Baba! Wa ya sa ka? Baƙin nan ai shi ne aikin!"

Ashe ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Watanni ta yi tana tsirar da su a kan ƙarfen, su ke sa ruwa ya rabu ba tare da cin lantarki mai yawa ba. In babu su babu sutanans, wato kare aikinta gaban malamai.

Dillalan shanu na zaune a bencina suna shan shayi. Ɗaya ya kwashe da dariya.

"Maƙeri, yau ɗiya ke yi wa uba karatu?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Don kin iya Faransanci za ki ɗaga min murya? A kan tsatsa?"

"Baba, dakata, akwai waɗanda ba ka taɓa ba..."

Na ji ta sarai. Na juye robar gaba ɗaya cikin kwata.

Shekarar ta wuce ta. Abokan karatunta suka gama, ita ta koma farko. Kullum tana durƙusawa ta gaishe ni, ba ta ƙara ko kalma. Wanda ya yi dariyar kuwa ya sayar da shanunsa ya koma arewa, ko tunawa ba ya yi. Wannan ya fi ƙona min rai.

A wurinmu uba ba ya sakin baki da 'yar fari, balle ya roƙe ta. Da wannan na daɗe ina fakewa. Wata safiya tana rataya jaka za ta fita, na tare ƙofa.

Na ce, "Gogewar rashin sani ce. Kwatar kuwa da sanina na yi, don an yi min dariya gaban maza. Na cuce ki. Ki yafe min."