Darasin da aka hana Yaya Fuseini koyarwa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Fuseini, amma har yau in na ga 'yan sakandare sun cika trotro, motar hayar nan, suna ihu za su kallon ƙwallo, sai gabana ya faɗi.

Malamin tarihi ne a wata sakandare kusa da unguwar Asawase. Ɗalibansa yaranmu ne, 'ya'yan masu koko da masu dako a kasuwar Kejetia, waɗanda suka tashi suna jin cewa namiji ba ya kwana bai rama ba. Shi ya sa duk Laraba yake zaunar da waɗanda suka yi faɗa a gaban aji. Kowa ya faɗi abin da ya ƙona masa rai, ɗayan kuma sai ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa. Wasu dariya suke yi. Wasu kuwa sun daina ɓoye almakashi a safa.

Hedimasta ya soke darasin. "Masta Fuseini," in ji shi, "zaman lafiya ba ya fitowa a jarrabawa." Aka ba lissafi lokacin. Ran nan Yaya ko tuwo bai taɓa ba. Ya ce da ni, "Memuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su sai ya bushe za su nemi gatari."

Ba a jima ba faɗa ya ɓarke bayan wasan ƙwallo da wata makaranta. Yaya ya shiga rabiya, dutse ya same shi a ƙeya. Bai farfaɗo ba. An ce daga ɓangaren ɗalibansa aka jefo.

Yanzu makarantar tana da ƙungiyar zaman lafiya. Bara aka gayyace ni bikinta, aka raba riguna, aka sha jawabai da hotuna. Mutumin da ya soke darasin, da furfurarsa, shi ne babban baƙo. Ihu bayan hari. Da Yaya na nan, abu ɗaya zai tambaya: in an kwashe kujerun nan, wa zai zauna ya saurari yaran?

To, me ya rage? Ba a sa sunansa ko a ƙofar aji ba. Akwai dai wani tela a unguwar Akwatia Line, tsohon ɗalibinsa, da ya tare ni a hanya ya ce, "Hajiya, saboda Masta ban taɓa dukan ɗana ban ji ta bakinsa ba."

Mutum ɗaya. Na gode wa Allah da shi. Amma kada wanda ya ce mini ya isa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.