Kocin da Ya Yi Wa Albasar Wani Ban Ruwa

Kafin 'yan kabu-kabu su fara ɗumama babura a tashar Wurno, Koci Siddiƙu ya riga ya isa filin ƙwallon da ke bayan makarantar firamare. Yakan fara da tsince ƙaya da kwashe kashin shanu, sannan ya ɗauko gwangwanin toka ya sake zana layukan da awaki suka share. Da la'asar sai ya dawo da usur a wuya da buhun ƙwallaye, rabinsu duk faci. Haka muka taso muka same shi, a haka kuma ya yi furfura, ba tare da wani ya ɗauke shi aikin ba. Ni ma na bi ta hannunsa, kuma tun da wuri ya gaya mini cewa ƙafata ta fi dacewa da takalmin zuwa ofis. Ban yi musu ba.

Bana ya ce zai ajiye usur, gwiwa ta ƙi. Ban yarda ya sauka shiru ba, musamman bayan abin da ya yi a kakar wasannin da ta ƙare.

Wata ƙungiya daga kudu, cikin masu buga gasar Firimiya ta ƙasa, ta ɗauki Mujaheed, ɗan bayan da Koci ya horar tun yana buga ƙwallo ba takalmi. Gari ya ɗauki murna, ban da mahaifinsa, Malam Abdulƙadiri. Kakar gasar ta faɗo daidai da noman rani, gidansu kuwa da albasar fadama yake ci. A gaban mutane tsohon ya tare Koci.

"Koci, ƙwallo ba ta ban ruwa. Ƙahwata ta gaza, shi kaɗai ag gare ni namiji. In yat tahi, wa ka shiga hwadama?"

"Malam, bar shi shi tahi. Ni ka shiga."

"Taka gonar hwa, mi za ka yi da ita?"

"Allah na nan," in ji Koci.

Mu da muka ji, mun ɗauka maganar fatar baki ce. Sai ga shi ranar dashe ya kira gayya, ya kwashi 'yan wasansa kaf zuwa fadama, ya ce yau a nan za a yi atisaye. Masu wucewa sun ga ƙattin samari a duƙe cikin fangalin albasa suna dashe, shi kuma yana kan kunya yana busa usur kamar ana wasan ƙarshe. Amma gayya ta yini ɗaya ce, albasa kuwa kullum ƙishirwa take ji. Ban ruwan da ya biyo baya shi ya ɗauke shi, da wannan gwiwar tasa, daga fili zuwa fadama, daga fadama zuwa fili.

Kai ne, Koci, wanda Lawwali mai gyaran inji ya gani ka ɗauko injin ban ruwa a ka saboda ba ka sami abin hawa ba. Kai ne kuma ka bar taka gonar ta ƙone kana kallo. Maƙwabta sun ji uwargidanka Mas'uda tana cewa, "Albasar mutane ta sha ta ƙoshi, tamu ta bushe tsaye. In ka so ka dahwa muna usur mu ci." Dariya ka yi, amma mun san abin ya ci ka a rai.

Can kudu kuwa abin bai yi wa Mujaheed daɗi ba. Rabin kaka ya wuce yana ɗumama benci. Ranar da ya gaji ya bugo wa Koci waya, ya ce zai tattaro kayansa, ai Baba na buƙatarsa a gona. Lawwali yana wurin, ya ce Koci a tsaye yake cikin taɓo lokacin da ya amsa.

"Ka zo ka yi mi? Albasa ta yi kai, ba ta biɗarka. Ka zamna inda kake. Ka riga kowa shiga hili, ka zan na ƙarshen hita."

Mujaheed ya zauna. Da aka dawo zagaye na biyu wani ɗan baya ya ji rauni, aka jefa shi ciki, kuma bai sake komawa benci ba. Ƙungiyar tasu tana gab da faɗawa ƙaramin rukuni, har sai da ta kai wasan ƙarshe tana neman ko da canjaras. Ranar mun cika gidan kallo maƙil, masu albasa sun bar buhunansu a bakin titi. Da aka hura tashi ba a ci su ba, na ga dattawa suna tsalle, ni kuma ban ji kunyar hawayena ba. Ɗan Wurno ya buga kaka har ƙarshe, ƙungiyar ta tsira, ta kuma riƙe shi.

Bayan an cire albasa, Malam Abdulƙadiri ya sa aka loda amalanke, ya bi ta da sandarsa har ƙofar gidan Koci. Koci ya fito yana rantse-rantsen ba zai karɓa ba. Tsohon ya dube shi ya ce, "Wagga ba kyauta ba ta. Wanda yab ba ta ruwa shi ad da ita." Mas'uda ba ta jira ƙarshen gardamar ba, ta ce a sauke.

Mun gode, Koci Siddiƙu, uban 'yan wasa. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka ci moriyar filinsa, gobe da safe ba zai fito ba. Wani a cikinmu ya tashi ya je.