Saude da Faifan Gyaɗarta

Shekara tara ke nan cif da muka kai ƙanwata Saudatu makwancinta a Gafasa. Saude muke ce mata a gida. Nas ce, ta yi aiki a wani ƙaramin asibiti a Gaya, kuma ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ta bar miji da 'ya'ya uku. Duk shekara in watan nan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in ajiye. Bana na ce lallai sai na rubuta, domin akwai wata shawara da na taɓa ba ta wadda har yau nake gode wa Allah da ta ƙi ɗauka.

Ni ne babba a ɗakinmu, kuma malamin firamare ne ni. Wanda ya san malamin firamare ya san ba ya rasa shawarar bayarwa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ranar da Saude ta samu gurbin digiri na biyu a fannin aikin jinya a wata jami'a a Kano, kafin la'asar babu mai shayin da bai ji labari daga bakina ba. Ita kuwa ko a jikinta. Abin da ya dame ta shi ne binciken da za ta yi: tana son ta san yadda ƙananan yara ke rasuwa kafin yaye a ƙauyukan Ajingi da Gaya, da abin da ke ɗauke su.

Aka tsara mata takardar tambayoyi, malamanta suka duba suka amince. Tambayoyin farko masu sauƙi ne: 'ya'yanki nawa, nawa ne suka rasu. Rani guda ta yi tana bin gidaje cikin farin kayanta na aiki, yau a kan babur zuwa Balan, gobe a adaidaita sahu zuwa wani wurin. Mata suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka ba ta fura, suka amsa mata. Da ta haɗa amsoshin sai abin ya fito da kyau, har malamin da ke duba aikinta ya ce ashe yaran yankinmu sun fi yadda ake zato rayuwa. Ya ce ta rubuta kundinta ta miƙa.

Wata Juma'a muna zaune a tsakar gida a Gafasa, takarda ɗaya ta rage a jakarta, sai ta ce bari ta gwada ta a kan Inna, mahaifiyarmu, don tsokana kawai. Ta gyara murya kamar baƙuwa ta ce, "Baiwar Allah, 'ya'yanki nawa?" Inna ta ce shida. Mu bakwai ne a raye. Na ce, "Inna, ni fa, tsintata aka yi?" Ta kau da kai ta ce in rufe mata baki. Kowa ya kwashe da dariya, domin Inna jinin Fulani ce, tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta ƙirga ɗan fari a gaban mutane. Saude na dariya ta wuce tambaya ta gaba, nawa ne suka rasu. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya raya mana." Nan dariyar Saude ta ɗauke. Goggonmu ta taɓa faɗa mata cewa Inna ta binne yara biyu.

Washegari ta same ni a gidana a Gaya da jakar takardun nan, ta ce aikinta gaba ɗaya ya rushe. In har mahaifiyarta ta cire mutum uku, to me sauran matan suka cire mata? Kunya ta ɓoye 'ya'yan fari, tawakkali ya ɓoye waɗanda suka koma, domin a wurinmu mace ba ta lissafa abin da Allah ya karɓa, kada ya zama kamar tana ƙorafi. Babu wadda ta yi mata ƙarya da gangan. Ladabi suka yi mata, ita kuma ta rubuta ladabin a matsayin amsa.

To ga shawarar da na ba ta. Na ce ta miƙa aikin yadda yake. Ai ba ita ta ƙirƙiri amsoshin ba, malaminta ya yaba, abokan karatunta na shirin gamawa, ƙarin girma na jiranta a wurin aiki, mijinta kuma ya yi haƙurin zirga-zirgar Kano iya haƙuri. Na ce a bar kaza cikin gashinta. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Yaya, in na rubuta cewa yaranmu ba sa mutuwa, wa zai turo mana ungozoma? Wa zai turo magani? Kamar na sake binne su ne da hannuna." Na ce taurin kanta zai ja mata asarar shekara guda. Ta ce ta ji, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Shekara gudan kuwa ta tafi. Malamin nata ya ɓata rai da farko, amma mutumin kirki ne, da ta zayyana masa sai ya tsaya mata har aka ba ta izinin sake fita. Abokanta suka sa rigar yaye ɗalibai, suka turo mata hotuna. Ni kuma mutanen da na cika wa kunne suka riƙa tambayata ina digirin, ina ta kame-kame. Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Da ta koma ƙauyukan sai ta bar farin kayan a gida, ta ɗaura atamfa. Lokacin ɓarar gyaɗa ne, sai ta zauna a tabarma ta sa hannu a aikin, a yi ta hira. In ta ga an saki jiki sai ta nemi izini, ta miƙa wa matar faifai ta ce, tun daga daminar da kika tare, duk cikin da kika ɗauka ki ajiye masa ƙwayar gyaɗa ɗaya, na raye a dama, wanda ya koma a hagu. Ba sai an ambaci kowa ba. Hannu ya yi abin da baki ke jin nauyinsa. Da Inna ta fara, ina zaune. Inna ta daɗe tana kallon faifan, sannan ta ajiye bakwai a dama, biyu a hagu. Ba wanda ya tambaye ta, ta taɓa ɗaya daga na hagun ta ce, "Wannan Aminu, ya fara rarrafe." Ta taɓa ɗayar ta ce, "Wannan ba ta kai suna ba." Na haura shekara arba'in a duniya kafin na san mai bi mini sunansa Aminu.

Abin da faifan ya fito da shi ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Yara da yawa sun tafi a kwanakin farko bayan haihuwa a gida, wasu kuma zazzaɓin damina ya ɗauke su. Ranar da ta kare kundinta na je na zauna a kujerar baya. Wani dattijon malami ya tambaye ta, cikin zolaya, yaushe gyaɗa ta zama kayan bincike. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sannan ta shimfiɗa masa amsoshin farko da na biyu na gidaje iri ɗaya, ya gani da idonsa. Ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Ni da na ce ta miƙa na farko, na fi kowa tafi a ɗakin, har aka waiwayo ana kallona.

Wata huɗu bayan nan ta kwanta. Ba ta kai bikin yaye ɗalibai ba, rigar nan ba ta taɓa hawa jikinta ba. Takardar shaidar digirin mijinta ne ya je ya karɓo.

Yau masu bincike sun yi yawa, kuma abin farin ciki ne, har da 'ya'yan ƙauyukanmu a ciki. Da waya suke yawo, suna latsawa amsa ta wuce Kano kafin su sa takalmi. Nakan tambayi kaina me Saude za ta ce. Na san ba za ta ƙi wayar ba, ita da ke son duk abin da zai rage wahala. Amma na tabbata za ta ce wa yarinyar ta ajiye ta tukuna, ta gaisa, ta tambayi gajiya, ta sha ruwan da aka kawo mata, domin sauri shi ya haifi nawa. Ba zan ce aikinta ya sauya duniya ba. Har yanzu muna binne yara, kuma kundin na can a kan kanta a ɗakin karatu, ban san ko mutum nawa suka buɗe shi ba. Abin da na sani shi ne wasu nas-nas da suka yi aiki tare da ita har yau ba sa tambayar mace 'ya'yanta nawa, sai dai su bi ta ciki bayan ciki, a hankali.

A kwanakin farko na rashinta shekarar nan da ta ƙara a karatu ce ta tsaya mini a rai. Na riƙa cewa da ta ji maganata da ta sa rigarta, ta ci moriyar digirinta ko na shekara ɗaya ne. Ranar sadakar uku ina zaune a zaure aka ce wata mata daga Balan na son ganin yayan marigayiya. Ban san ta ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ƙafafunta duk ƙura, ta yi mini gaisuwa. Sannan ta ce, "Malam, yara huɗu na binne. Shekara ashirin ba wanda ya ƙara tambayata su, har ubansu. 'Yar'uwarka ta tambaye ni sunansu ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta. Shi ya sa na zo."

Allah ya jiƙan Saude, ya haɗa ta da yaran da ta ƙi yarda a manta. Tun daga ranar nan bakina bai ƙara kiran shekarar nan asara ba.