Ƙanzon Ranar Sallama

Duk ranakun da na yi a kicin ɗin makarantar nan, wadda ba ta fita raina ita ce Asabar ɗin da aka yi bikin ƙarshen shekara, a watan Yulin da na ajiye aiki. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina babban kuku a sakandaren maza ta 'yan Katolika da ke kusa da Yelwa. Ni Musulmi ne, ɗan masunta, kuma ban taɓa ganin abin da ya sa na yi nadamar aikin ba. Yara Baba Kuku suke ce mini, har malamai suka ɗauka.

Ga wanda bai san tsarin ba, ranar bikin akan fara da addu'a a coci, mu Musulmi muna waje muna gyaran kujeru. Daga nan a ba da kyaututtuka, a sallami 'yan aji shida, sai abinci. Saniyar biki kuwa mahauci Musulmi ake kira ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Akwai kuma wata al'ada tun zamanin Fada na farko, wato limamin cocin da ya fara shugabantar makarantar: ran nan 'yan aji shida ne ke girki, ma'aikatan kicin su zauna a kawo musu. Ni dai ban taɓa yarda da wannan al'ada ba. Kowace shekara nakan sulale ta baya in tsaya musu a kai, don na san yaro da wuta.

Abin da nake tsoro shi ne ƙanzo. A wurin kuku, shinkafa ta kama gindin tukunya abin kunya ne, alama ce ba ka zare itace a kan lokaci ba. To amma tukunyar da ke ciyar da makaranta guda, ko waye kai sai ta kama wani lokaci. Idan hakan ta faru nakan kankare shi da sauri kafin malamin da ke duba abinci ya zo, in leƙa bayan kicin. Ba a rasa wani ɗan aji ɗaya a raɓe a can, irin waɗanda aka kawo cikin kwalekwale daga ƙauyukan bakin tafki, yana kukan gida. Sai in zuba masa a hannu, in ɗiga mai da yaji, in ce ya cinye maza kada a gani. A raina asirina nake rufawa.

A shekarar nan shugaban makaranta, Fada Matiyu, ya kira ni ofis ya ce bikin bana har da sallamata, saboda haka a babban teburi zan zauna, kusa da shi. Na ce to bari in leƙa yaran ko sau ɗaya. Ya yi dariya ya ce ya san halina, ya riga ya sa maigadi a ƙofar kicin.

Haka na zauna cikin babbar riga, iyaye sun cika zaure daga Shanga da Warra da Birnin Yauri, matata Hajara tana layi na biyu. Ana tsakiyar kiran sunayen masu kyauta iska ta kaɗo daga wajen kicin, sai na ji ƙauri. Hancin kuku ba ya ƙarya. Baƙin nan ba su san yara ne ke girki ba, abin da za su tafi da shi shi ne Baba Kuku ya ƙona abinci ranar da zai bar aiki. Na yunƙura zan tashi, Fada ya riƙe mini hannu ta ƙarƙashin teburi, idonsa na kan masu karɓar kyauta. Na raɗa masa cewa tukunya ta kama. Ya ce, "Zamna, Baba. Yau ba kai ad da tukunya ba."

Ban ji sauran sunayen da aka kira ba. Da aka fara rabon abinci na bi farantan da kallo. Dafa-duka ce mai kyau, ga nama, ga soyayyen kifi, ba alamar ƙuna. Na fara samun numfashi. Sai na lura an ba kowa a teburinmu ban da ni.

Can sai ga shugaban ɗalibai, Istifanus, wani dogon yaro ɗan wajen Ngaski, ya taho da kwano a rufe, 'yan ajinsu na biye da shi. Ya durƙusa ya ajiye a gabana ya buɗe. Ƙanzo ne cike da kwano, an ɗiga mai, an barbaɗa yaji. Na ga Hajara ta rufe baki da mayafi. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuci wato yaran nan tonon silili suka shirya mini a gaban jama'a.

Istifanus ya karɓi lasifika. Ya ce ranar da babansa ya kawo shi makarantar ya juya ya tafi, shi kuwa ya ƙudura da gari ya waye zai gudu bakin ruwa ya nemi jirgin gida. Yana bayan kicin yana kuka wani mutum ya fito ya zuba masa abu mai zafi a hannu. Ya ce, "Baba ya ce mani in canye maza kada a gani. Sai na ce ashe ina da wani nawa nan wurin. Shi ya sa ban tahi ba." Ya ce da gangan suka bar tukunya ɗaya a wuta, domin a makarantar nan ba abin da ya fi wannan daraja, kuma ba su taɓa ganin na ci ba. Sannan ya ce duk wanda ya taɓa cin ƙanzon Baba Kuku ya miƙe.

Kujeru suka yi ƙara. Yara suka tashi, aji bayan aji, har da malamin lissafi wanda tsohon ɗalibi ne, da wani magidanci cikin iyaye da ban ma gane fuskarsa ba. Ashe kowannensu ya ɗauka shi kaɗai na zaɓa, sai a shekarar ƙarshe suna hira suka gano juna. Ni da ban yi kuka ba ko ranar da wuta ta ci mini hannu, sai ga hawaye a kan babbar riga.

Na sa hannu na ci, duk da haƙorana sun yi rauni. Na ce musu yajin ya yi yawa, kuma wanda ya kankare tukunyar bai iya ba. Zaure ya ɗauki dariya. Fada Matiyu ya miƙo hannu cikin kwanon ya ce shi ma yau sai ya ji abin da aka daɗe ana ɓoye masa. Na gode wa Allah, na gode wa yaran nan, har gobe ina yi musu addu'a.

Ku da kuke aikin yanzu, abin da na koya shi ne a makarantar kwana ba ciki kaɗai kuku ke ciyarwa ba. Na yi shekaru ina taƙama da miyata, ashe abin da nake ɓoyewa shi ya riƙe yaran mutane. Da zan miƙa makullin sito ga wanda ya gaje ni, ya tambaye ni ko akwai abin da zan faɗa masa. Na ce ya kula da wuta, amma duk ranar da tukunya ta kama, kada ya zuba mata ruwa sai ya leƙa bayan kicin.