Malam Ila da Keken Mai Burodi

Malam Ila mutumin Malumfashi ne, amma shekara arba'in da biyu ya yi yana gyaran keke a gindin wata bishiyar mangwaro a Rafin Guza. Aikin da aka san shi da shi shi ne tsofaffin kekunan Ingila, musamman Rali. Da ya shafa noti da yatsa zai gaya maka ko tiredinsa, wato zaren da ake murzawa, irin na Rali ne siriri ko na kayan yanzu. Su biyun kamarsu ɗaya a ido, amma ba sa shiga juna.

Da can tsofaffin kekuna yake saye yana ɓalle kayan jikinsu. Yanzu 'yan gwangwan sun riga shi, sun kwashe an narkar.

Bara da damina Sambo mai tallan burodi ya turo tsohon kekensa Rali. Kofin da ke riƙe sandar feda ya cinye. Malam Ila ya zazzage gwangwanayen da yake tara kayan gyara, babu irinsa. Sau uku yana zuwa kasuwar Panteka bai samu ba, ya leƙa Abakpa wajen wani tsohon abokin sana'a, aka ce ya rasu.

"Baba, a sa irin na yanzu mana," in ji Sambo. "Kwana shida ban fita ba, ga iyali."

"Ba zai zauna ba, Sambo. In na matsa shi, zai cinye zaren gidan da yake shiga."

"A gwada dai, don Allah."

Malam Ila ya daɗe yana jujjuya sabon kofin a tafinsa. Sannan ya shafa giris, ya ɗora sifana. Murɗa biyu ya ji ƙarfen ya cije, ya san abin da ke faruwa, amma ya ci gaba da dannawa.

Keken ya yi kwana tara. A hanyar Mando kofin ya fito da zaren gidan gaba ɗaya. Mai walda ya liƙe, ya sake ɓallewa.

Sambo bai yi wa Malam Ila faɗa ba. Ya koma ɗaukar burodi a ka, yana zaga unguwanni biyu maimakon biyar. In ya biyo ta gindin mangwaron yakan yi sallama, Malam Ila ya amsa kansa a sunkuye.

Yanzu facin tayar babur da baro Malam Ila yake yi. Watan jiya wani dattijo ya kawo masa Rali mai karkataccen feda. Malam Ila ya dubi keken sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, mayar da shi gida ka jingine. Ba ni da kayansa, ban kuma san mai su ba."