Ranar da Aka Wanke Mini Bincikena da Sifirit

Shekarun baya can, lokacin da gwamnati ke kwashe kayanta daga Legas zuwa Abuja, na samu gurbin horo bayan na gama digirin digirgir. Ana koya mana yadda hasken injin gashi yake kashe ƙwayoyin cutar kansa, wato ciwon daji. Cibiyarmu ma an ce ta koma Abuja, kuma ta koma: kujeru, labule da hotunan manya duk sun iso. Injin gashin ne kawai aka bari a Legas.

Aikina shi ne in gano ko wani magani yana ƙara wa hasken ƙarfi a kan ƙwayoyin kansa. Nakan raini ƙwayoyin a 'yan kwalaben roba, wasu da magani wasu babu, in kai su Legas a haska su, in dawo da su akwatin ɗumi su kwana biyu, sannan in duba waɗanda suka rayu. Samun layi a injin nan sai an yi watanni, domin marasa lafiya ne a gaba. Da na samu, a cinyata na riƙo kwalaben har Abuja, ina hararar direba duk ramin da ya faɗa. Kowace kwalba na rubuta mata da alƙalamin maka: yawan hasken da ta sha, da ko akwai magani a cikinta. Da wannan sakamakon zan kammala horo tare da 'yan ajinmu.

Wata safiya na sauko daga bas ɗin Kubwa, tun daga bakin ƙofa na ji warin fenti da sifirit. Abokina, ɗan Filato da muke horon tare, yana tsaye ya rungume hannu.

“Dokta, kar ka yi fushi tukuna,” in ji shi. “Oga admin ya zo da kansa. Ya ce minista na zuwa inspection, dole a yi cleaning ɗin everything.”

Na buɗe akwatin ɗumi. Ga kwalabena a jere reras, manya a baya ƙanana a gaba, suna walƙiya. Babu ɗigon rubutu ko ɗaya a jikinsu.

Na sami daraktan mulkin a ofis yana gwada sabuwar hula. Na ce, “Ranka ya daɗe, rubutun da ke jikin kwalaben nan fa?”

“Ai ni na goge da hannuna,” ya ce, har da murmushin jiran godiya. “Wane irin jagwalgwalo ne kamar allon 'yan firamare? Ruwanka yana ciki, ban zubar ko kaɗan ba. Ka sake rubutawa da kyau bayan baƙi sun tafi.”

Ni da na yi shekaru ina karatun yadda haske ke karya ƙwayar halitta, na kasa yi wa mutum ɗaya bayanin amfanin maka. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Allah ya saka da alheri.” Ya ce amin.

Abokina ya ja ni gefe. “Ka bari su girma mana. Wanda ya mutu da yawa, shi ne mai magani. Kai ma ka san answer ɗin, ka rubuta kawai.”

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta zauna mini. Amma abin da nake nema in sani ke nan, ko maganin yana aiki. In na rubuta abin da nake fata, wata rana likita zai karanta, ya ɗauki maganin ya ɗura wa matar wani. Na tuna mata marasa lafiya da na tsallake a bencin jiran inji a Legas, da kular kwalabena a hannu, suna matsa mini in wuce. Na kwashe kwalaben na zuba a bokitin kashe ƙwayoyi, raina kamar ya fita.

Abokan horona suka gama suka watse, ni na ƙara kusan shekara ina jiran layin inji. Da sakamakon ya fito, maganin bai ƙara komai ba. Da na bi shawarar abokina, da ƙarya na rubuta.

Ministan kuwa ya zo, bayan an ɗage zuwan sau da dama. Ya leƙo ɗakinmu daga bakin ƙofa, ya ce tsabtar wurin ta burge shi, ya wuce cin abinci. Aka yi wa darakta ƙarin girma.

Yau ni nake horar da sababbin daktoci a wannan fanni. Ranar farko ba na taɓa maganar haske. Nakan ba kowa ƙusa, in sa shi ya karce lamba a gindin kwalba, inda sifirit ba ya gogewa. Suna dariya a bayan idona, na sani. Kuma duk ranar da aka ce manyan baƙi na tafe, nakan kulle ɗakin binciken da kaina, in sa makullin a aljihu, in tafi kasuwar Dei-Dei taya ƙanina sayen siminti.