Motar Yaya Sabi'u a Cikin Marka

A ƙauyenmu da ke can bayan Zango, sanyi ne yake tara mu a ɗakin Iya. Da an ɗaure dawa an cire gyaɗa, iska ta fara tsinka leɓe, sai mu jikoki mu daina wasan dandali. Bayan sallar isha'i kowa ya ja zanensa ya nufi ɗakin nan mai gadon ƙasa, wanda ake zuba garwashi a ramin da ke ƙarƙashinsa. A tsakar ɗakin akwai kututturen da ke ci a hankali tun magariba. Muna tura gyaɗa cikin toka, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa baya.

Iya Hansai ita ta haifi babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa mutanen gida ke ce mini Uwani, ita kuwa Takwara take kirana. Yayana Sabi'u kuma Maigidana take ce masa, irin wasan nan na kaka da jika, kullum tana ƙorafin bai kawo cefane ba. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi ƙofa ta ce, "Ga wata baƙuwa tana sallama." Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne. Ɗaya ce ba ma so, ita kuma ita ce ta zauna mini a rai.

Wai a wani gari aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa har wutar kowane gida ta mutu, abin ƙyasta wuta ma duk ya jiƙe. A garin akwai wata yarinya, Ladi, uwarta na kwance tana rawar ɗari. Ladi ta ɗauki kasko ta kama hanyar garin maƙera, inda wuta ba ta mutuwa. Wani tsohon maƙeri ya zuba mata garwashi, ya rufe da toka, ya ce, "Kada ki buɗe sai kin isa gida. Duk buɗewar da za ki yi, iska za ta ci rabonta."

A hanyar dawowa ta tarar da wani tsoho a gindin tsamiya, yatsunsa sun ƙage. Ya roƙe ta ya ɗan ɗora hannu. Ta buɗe. Can gaba ta ji kukan jariri a wata bukka, mai jego ba ta da ko ruwan zafi. Ladi ta gutsura mata. Ko da ta iso gida ta tona tokar, babu jan wuta ko ɗigo, sai dai kaskon bai gama hucewa ba. Ta ɗora shi a ƙirjin uwarta. Uwar ta buɗe ido ta ce, "Ashe kin kawo." Kafin gari ya waye ta cika.

Nan Iya take tsayawa. Mu yi ta jiran aljanin da zai dawo da uwar, ko sarkin da zai saka wa Ladi, amma babu. Wani dare Yaya Sabi'u ya harzuƙa ya ce, "Ai wauta ta yi! An ce kada ta buɗe."

Iya ta juya itace ta ce, "Kai da ke zaune gindin wuta, Maigidana, dole ka iya shari'a."

Ni kuwa ina share hawaye na ce, "To Iya, wa ya yi laifi?"

"Ruwa ne, Takwara. Gobe sai ki kai ƙararsa wajen mai gari." Ta miƙe ƙafafu. "Baƙuwa ta yi sallama. A rufe wuta."

Muka girma muka watse. Babanmu ya rasu, na yi aure a Daura ina koyarwa a firamare. Yaya Sabi'u ya buɗe shagon kayan sola, yana kai kaya har Kongolam da ke bakin iyaka. Iya ta ƙi barin ƙauye, tana zaune wajen ƙanen babanmu, Baffa Lawal. Da man fetur ya yi tsadar da ta kori mutane daga motocinsu, sai Yaya ya sayo motar lantarki, wata 'yar fara da ba ta yin ƙara ko kaɗan. Ranar da ya fara kai ta ƙauye, Iya ta zagaya ta da sanda ta ce, "Mota ba tari ba atishawa? Wannan ai da ita ɓarawo zai zo."

Yana son motar, amma ba ta bar shi ya huta ba. Lokacin sanyi zai kwanta ya bar ta da caji, da asuba ya tarar nisan da take nuna za ta iya yi ya ragu, ba tare da ta motsa ba. Har tamfol ya riƙa lulluɓa mata. Iya da ta ji labari ta ce ashe kishin tsufa motar ke yi da ita. Damina kuwa ta fi tayar masa da hankali. Batirin a ƙasan motar yake, shimfiɗe kamar katifa. Wanda ya sayar masa ya ce a rufe yake ruf, ruwa ba ya shiga, amma Yaya ya ce mai wannan maganar bai taɓa ganin kwazazzabon hanyar garinmu ya cika ba. Ya lura laka na shan caji fiye da kwalta. Kuma in wani abu ya lalace, bakaniken da ya san kanta sai Kano.

A watan marka na bara aka yi wata iska da ta karya turakun lantarki a unguwarsu. Kwana da kwanaki ba wuta, rana kuma ta ƙi fitowa, solar da ke kan rufinsa da ƙyar take riƙe fitilu, balle cajin mota. A cikin wannan hali Baffa Lawal ya kira da hantsi. Ya ce katangar ɗakin Iya ta jiƙe, ta kwana cikin danshi, yanzu numfashinta na fita da ƙyar, haƙarƙarinta na ciwo. Motocin haya sun daina shiga garin saboda taɓo, kuma ba ta da ƙarfin zama a kan babur.

Yaya ya biyo ya ɗauke ni. Na ga yana yawan duban allon da ke gaban sitiyari, mai nuna cajin da ya rage. Na ce, "Za ta kai?"

Ya ce, "Zuwa da dawowa, in Allah Ya so. Amma ba rara."

Muka same ta ta rame, idanunta sun faɗa. Da Baffa da Yaya suka ɗauko ta, kafin a sa ta a mota ruwa ya jiƙa zanenta, duk da tabarmar roba da aka riƙe mata a ka. Na zauna a baya na ɗora kanta a cinyata. Baffa ya ce zai biyo mu in ruwa ya tsagaita.

Ba mu yi nisa ba muka tarar kwalbatin da muka haye ɗazu ruwa ya shanye shi, jan ruwa na gudu da karan dawa da rassan itace. Yaya ya fita ya tsaya a bakin ruwan, rigarsa ta manne a jikinsa. Ya dawo ya ce ko babbar mota ba za ta shiga nan ba. Dole muka juya muka bi ta wata tsohuwar hanyar amalanke mai zagaye, wadda ke ɓullawa titi can gaba. Tayoyi na juyawa a laka, motar na rarrafe, abin da ke allon yana ta sauka. Numfashinmu ya sa gilashi ya yi hazo, Yaya na gogewa da hularsa, domin na'urar da ke share hazon ita ma caji take ci.

Sai Iya ta fara kakkarwa. Ba irin rawar sanyin da na sani ba, haƙoranta da suka rage na haɗuwa, jikinta duk yana girgiza a hannuna. Na cire mayafina na ƙara mata, na rungume ta, a banza.

Ta ce, "Maigidana, motar taka ba ta da wuta ne?"

Ya ce, "Akwai abin ɗumi, Iya. Amma in na kunna, yana shan abin da za mu kai asibiti da shi."

"In ba ka kunna ba za mu kai?"

Ya dubi allon, ya dubi hanyar da ke gabanmu, ruwa kwance ko'ina. Yaya bai iya ƙarya ba tun yana yaro. Ya ce, "Ban sani ba, Iya."

"To kunna mini. Sanyin nan ya kai mini ga ƙashi."

Ta madubi ya kalle ni. Na ƙara rungume ta. Ya miƙa hannu ya kunna.

A hankali ɗumi ya cika motar. Kakkarwar ta lafa, yatsunta da suka dunƙule suka saki. Muka ci gaba da tafiya har inda Allah Ya nufa. Motar ta fara rage gudu da kanta, ta yi wani ɗan kuka, Yaya ya samu tudu kusa da wata gonar gero ya tsaya. Muna hango motoci na wucewa a titi can nesa, ƙanana kamar ƙwaro. Ya ce abin da ya rage ba zai ja mu cikin lakar nan ba, amma zai riƙe ɗumin na wani lokaci. Waya ba ta shiga. Ya tuɓe takalma ya fita da gudu ya nemo mota.

Muka rage ni da ita. Ruwa na dukan rufin, ba wata ƙara bayan wannan. Ta ce, "Takwara, ashe haka ake jin ruwa a cikinta. Da daɗi." Ta tambaye ni ko an ɗaure akuyarta. Na ce an ɗaure. Ta ce in gaya wa Lawal ya gyara katangar kafin ta faɗa kan wani. Daga nan maganarta ta koma ciki. Na matso da bakina kusa da kunnenta ina maimaita kalmar shahada, leɓenta na bina, har suka daina.

Ko da Yaya ya dawo da wani mai a-kori-kura da ya yarda ya shigo lakar, la'asar ta wuce. Ya buɗe ƙofa, ɗumin ya bugi fuskarsa, ya ga na rufe mata fuska. Ya durƙusa a cikin taɓon nan ya kifa kansa a jikin motar.

A zaman makoki mutane sun yi ta magana ƙasa-ƙasa. Wasu suka ce da motar fetur ce da an kai. Wasu suka ce kwalbatin bai san fetur ba bai san lantarki ba. Wata ma'aikaciyar asibiti da na sani ta ce mini a irin shekarun Iya da yadda ƙirjinta ya cika, ko an kai ba lallai ba ne. Kowa da tasa, kuma kowa a bushe yake a inuwar rumfa yana faɗi.

Ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar Ladi gargaɗi ce, a riƙa jin maganar manya. Da na yi hankali sai na ɗauka yabon tausayi ce. Yanzu ina ganin Iya ba wannan take nufi ba, ba kuma wancan ba. Tana dai gaya mana ne akwai ranar da abin da ke hannun mutum ba zai isa ba, ko ya buɗe ko ya rufe, kuma duk da haka sai ya zaɓa, ba tare da an taɓa gaya masa ko ya yi daidai ba.

Yaya bai sayar da motar ba. Ya ƙara faifan sola, ya sayi janareta, ba ya barin cajinta ya yi ƙasa ko da rani. Amma da hadari ya haɗu sai ya shigar da ita gida ya hau babur. Bana da farkon damina na je shagonsa, aka fara yayyafi, muna tsaye a bakin ƙofa. Bai dube ni ba ya ce, "Uwani, da ban kunna ba, kina ganin da mun kai titi?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Abin da na sani, ni ce nake riƙe da ita, kuma ta daina rawar sanyi."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya shiga ciki ya fara janye kwalaye daga inda rufin ke ɗiga.